Gwadon Kaka Phebe a Bayan Wufa

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙafar?"

"Ƙafar tana nan inda ka bar ta jiya. Kai nake tambaya, Maigida, wa ya rasu ka fito da sassafe haka? Tun da Naomi ta haife ka ban taɓa ganin ka riga kaji tashi ba."

Niko ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba, ya ƙara cusa sukudireba cikin aljihun baya. Ya kwana da burin ya tarar da tsakar gidan nasu na Bolori wayam, daga shi sai motarsa. Sai ga Kaka Phebe ta dasa kujerarta a gindin darbejiya, ta jingina bayanta da but ɗin motar, tana tsinkar zogale a faifai. Duk faɗin gidan ba ta ga wurin jingina ba sai nan.

Nicodemus ne cikakken sunansa. Sunan mijinta marigayi ya ci, shi ya sa take ce masa Maigida, shi kuma ya ce mata Uwargida, kuma tun yana rarrafe ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an tsokani wani ba. Amma yau bakin Niko ya yi nauyi, dalilin kuwa yana cikin but ɗin nan da take jingine da shi.

A cikin but akwai wufa, wato ƙatuwar sifikar nan ta samari mai fitar da kaurin kiɗa, zaune a akwatinta na katako. A bayan akwatin kuma, danne tsakaninsa da ƙarfen mota, akwai wani tsohon gwado. Ranar Talata Niko ya gan shi a kan akurkin kaji, ya koɗe, ya sha jiki, ya ce a ransa tsumma ne, ya ɗauka ya toshe karkarwar da ta addabi motarsa. Sai jiya da yamma yake ji a bakin mahaifiyarsa cewa Kaka ta birkice ɗakinta tana neman gwadonta na aure. Kakar mijinta ce ta kaɗa zarensa, ta yafa mata shi ranar da aka kai ta gidan miji, ita ma ta yi alkawarin za ta yafa wa matar jikanta na fari. Jikan nan kuwa shi ne. Yau Asabar da hantsi za su tafi gaisuwa gidan su Peace, yarinyar da zai aura.

Dabararsa mai sauƙi ce. Ya zaro gwadon kafin kowa ya farka, ya jefa shi ƙarƙashin gadonta, ya koma ya kwanta kamar mutumin kirki.

"Uwargida, ɗan matsa mana. Kina goge min fenti."

"Wane fentin? Wannan jan da rana ta siɗe? Asiri na rufa wa motar, na tare inda ya fi muni."

"Taya zan duba a but."

"Ga tayoyi nan a ƙasa ina ganinsu, duk sun yi sanƙo kamar kan kakanka. Ta cikin but ta mece ce? Ko yau ma harbin surukinka za ka yi ka gudu?"

"Ni ban harbi kowa ba."

"Bolori kaf ta ce ka harba."

"Bolori ba ta da aikin yi."

"Kai kuma aikinka kwantar da dattawa a kwalbati."

Niko ya sunkuyar da kai. Wannan maganar ko a mafarki ta zo masa sai ya ji zufa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya kai Peace gida. Mahaifinta, Baba Joseph, tsohon hedimasta kuma dattijon ikilisiya, yana tsaye a ƙofar gida da farar babbar riga yana sallamar baƙi. Zuciya ta raya wa Niko ya nuna musu cewa motar nan ba ta banza ba ce, sai ya murɗa kiɗa. A yi masa adalci, waƙar yabo ce ma. Wufa ta yi gurnani, marfin but da lambar mota da duk wani notin da ya kwance suka amsa a tare: ta-ta-ta-ta-ta! A Maiduguri kuwa ba a tsayawa tambayar irin wannan ƙara. Kafin ya kai hannu ya kashe, baƙi sun watse, mai shayin bakin layi ya bar tukunyarsa a wuta, Baba Joseph kuma yana kwance rub da ciki a bayan kwalbati, hularsa a gefe. Da ya yi faɗa ma da sauƙi. Tashi kawai ya yi, ya kaɗe rigarsa, ya dubi Niko ya ce, "Sannu, ɗana. Ka gaida gida."

"An ce har yau rigar ba ta fita ba," in ji Kaka.

"Uwargida, a bar maganar nan don Allah."

"A bar ta? Ni da nake so a sa ta a waƙar Zumuntar Mata? Kakanka da ya je neman aurena, akuya ya ja ya kai wa ubana. Kai kuma ka kai wa naka surukin yaƙi."

"Lokacin naki auren ai ba a ƙera ƙarfe ba, balle mota. Ke fa kin girmi kogin Ngadda. An ce ke kika yi wa jirgin Nuhu shara."

"Na yi. Kuma a cikin dabbobin na ga mai irin kunnuwanka, har na so in ce a bar shi a waje."

"Kunnuwan nan Peace ta gani ta ce tana so."

"Yarinyar tana da tausayi. Ni ma tausayi ne ya kai ni gidan nan, ga shi har yau ban warke ba."

"In kin gaji ki tafi gidanku mana."

"A coci aka ɗaura, babu saki. Kana nan da ni har a busa ƙaho."

Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ko gezau. Niko ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya goge madubin da ba shi da datti. Rana ta fara leƙowa ta saman katanga, daga madafa kuma yana jin mahaifiyarsa tana haɗa wuta.

"Ai na gyara ta," ya ce, don dai ya ce wani abu.

"Kai? Kai da ko maɓallin rigarka sai an ɗinka maka?"

"Har Hausari na je wurin Mahfuz mai wayarin ɗin mota. Ya ce wufar lafiyarta ƙalau, jikin motar ne ke rawa. Na sayo baƙar ledar nan mai danƙo, irin wadda masu rufin kwano ke liƙe yoyo da ita, na bi cikin marfin but na manna. Na ɗaure notina duka. Sai ya rage wani rami a bayan akwatin, ya ce in samu abu mai kauri mai laushi in danna."

"Ka danna me?"

Niko ya kawar da kai.

"Kayan aiki."

"Wane irin kayan aiki?"

"Na Turawa ne. Ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? Ni da na toshe bakinka da kunun gyaɗa lokacin da kukanka ya fi na wufar? Kunna in ji. Ba zan shiga motar da za ta sa in nemi kwalbati ba, gwiwata ba irin ta Joseph ba ce."

Ba yadda ya iya, ya shiga ya kunna. Kiɗan ya fito da kauri, sumul, babu ko ɗigon karkarwa, har ganyen zogale na motsi a faifai. Kaka ta karkata kai tana saurare, bayanta na manne da but.

"Kai! Ashe kana da rana. Ina jin sa har cikin ƙashin bayana, kamar ana min tausa. Ko me ka sa a ciki, abu ne mai kyau. Turawan nan Allah ya ba su hannu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Niko ya shige har da takalmi. Ya kashe kiɗan ya fito.

"Uwargida, kamar Mama na kiranki."

"Kunnena ya fi naka, ko da yake naka ya fi faɗi. Ba wanda ya kira ni."

"To ki je ki yi wanka. Kada ki je gidan surukaina kina ƙamshin daddawa."

"Na yi wanka tun kana minshari."

"Ki je ki sa kayan fita."

"Kai wai me ke tsakaninka da kujerata yau?"

"Inuwar ɗaki ta fi. Sanyin safe ba ya yi wa tsofaffi kyau."

"Ɗakin ya ishe ni," in ji ta.

Yadda ta faɗe shi ya sa ya dube ta. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Sai a lokacin ya lura idanunta sun faɗa, kamar wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba.

"Uwarka ta gaya maka?"

"Me fa?"

"Gwadon. Ban gan shi ba, Maigida. Na zazzage adaka, na ɗaga katifa, har cikin buhun dawa na sa hannu."

Nan ne ya kamata Niko ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Ya sani, ni ma na sani. Amma matsoraci in ya ga ƙofar wasa a buɗe ta nan yake bi, shi kuwa a safiyar nan matsoraci ne.

"Tsufa ne kawai, Uwargida," ya ce, yana yaƙe. "Ba shekaranjiya kika tayar da gida kina neman tabarau ba, alhali yana kan hancinki? Saura kaɗan ki fita neman ƙafarki a maƙwabta."

Ya tsaya yana jiran martani. Kaka Phebe ba ta taɓa barin magana ta kwana a kanta ba, ko Fasto ne ya faɗa sai ta mayar. Amma shiru. Ta ɗauki reshen zogale ta jujjuya shi, ta mayar ta ajiye.

"Kai ma ka lura ke nan," ta ce a hankali.

"A'a, wasa fa nake..."

"Haka innata ta fara. Da ludayi ta fara, yau ta ajiye gobe ta ce an sace. Daga nan sai sunayen mutane. Ta ƙare tana riƙe hannuna tana tambayata wai ni 'yar gidan wa ce." Ta ja numfashi. "Na tuna na buɗe adaka. Na tuna na fito da shi na kaɗe, har na shinshina. Daga nan sai duhu. Na bi kaina na bi, babu komai a wurin."

"Kaka..."

"Ranar da muka gudo daga ƙauye, na bar tukwanena, na bar awakina a ɗaure. Gwadon nan kaɗai na naɗe na ɗora a ka, na bi daji da shi har Allah ya kawo mu garin nan. Masu bindiga ba su raba ni da shi ba. Yau ga shi ni da kaina na ɓatar da shi a cikin katanga huɗu. Kuma a gaban matan zumunta na gaya wa uwar Peace zan zo da shi. Da wane ido zan dube ta? In ce mata me, na manta inda na sa?"

Ta ajiye faifan a ƙasa. Ta jawo haɓar zanenta, ta fara kwance wani ƙulli da haƙori da farce. Makullai ne a zare, na adaka da na ɗakin hatsi da na ƙofarta. Tun da Niko ya yi wayo bai taɓa ganin su a wani wuri ba sai a jikinta. Ta kamo hannunsa ta zuba masa su a tafi.

"Ka kai wa uwarka. Ka ce daga yau ita ke da ɗakin hatsi. Ni ba zan iya miƙa mata da hannuna ba, kunya nake ji."

Makullan da ɗuminsu. Niko ya tsaya riƙe da su, ya ji ya tsani kansa. Ya tuna dabarar da ya kwana yana saƙawa, ta jefa gwado ƙarƙashin gado. Da ta yi nasara, da Kaka ta tsince shi a inda ta riga ta duba sau ba adadi, ta ce shi ke nan, kan ya tafi. Da shi ya fita fes, ita kuma ta zauna da wannan tsoron har ƙarshen ranta. Kunyar ranar Lahadi da ya ɗauka babu kamarta, yanzu ya ga ashe wasan yara ce.

"Kaka, tashi."

"Ka ce me?"

"Ki tashi, don girman Allah. Zan buɗe but."

Ta dube shi, don rabon da ya yi mata magana ba tsokana a ciki har ta manta. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ja kujerarta gefe. Ya ɗaga marfin, ya zaro sukudireban da ya yi ta ɓoyo, ya kwance notinan da suka riƙe akwatin wufa. Noti ɗaya ya kuɓuce masa ya faɗi cikin yashi. Ya jawo akwatin, ya zura hannu har kafaɗa, ya fara ja. Gwadon ya fito a hankali, baƙin shuɗi mai ratsin fari, a cukurkuɗe, yana warin fetur, ga baƙin danƙo ya manne a gefe guda.

Ya durƙusa a gabanta ya miƙa mata da hannu biyu. Bai iya ɗaga kai ba.

Kaka ta miƙo hannu. Ta karɓa, ta kai hanci, ta shafa shi da tafin hannu kamar mai lallashin jariri.

"A ina ka same shi?"

"A kan akurki. Ranar Talata. Na ɗauka tsumma ne, Kaka. Sai jiya na sani."

"A kan akurki," ta maimaita. Sai idanunta suka buɗe. Ta daki cinya. "A kan akurki! Ai ni na shanya shi a can! Igiya ta cika da wankin Naomi, na ce bari in ɗora shi a kan akurki ya sha iska. Har wake-waken kazar nan ta so ta hau na kore ta da muciya. Sai ga Ya Ba'ana mai kifi ta yi sallama, na tsaya muna ciniki, ta ce min jikarta ta haihu, namiji, an sa masa Zayyad! Na dawo ban ga komai a kan akurki ba, shi ya sa ban tuna na ɗora ba. Ka ji ko? Ka ji na tuna duka?"

"Na ji, Kaka."

"Ashe kaina na nan!"

Ta rungume gwadon a ƙirji, hawaye na bin kumatunta, tana dariya tana cewa, "Na gode Yesu, ashe kaina na nan." Niko na durƙushe, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya so a ce a nan maganar ta tsaya. Amma wanda ya san Kaka Phebe ya san da zarar ta samu kanta, na wani za ta nema.

Ta share fuska da gefen ɗankwali, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kayan Turawa."

"Kaka, ki yi haƙuri."

"Wai ba zan gane ba. Ɓarawo! Jama'a ku fito, ga ɓarawo a gidana!"

"Ki rufa min asiri, Mama za ta ji!"

"Ta ji mana! Ta zo ta ga abin da ta haifa. Kana kallona ina kiran kaina ruɗaɗɗiya, kai kuma ka tsaya da kunnuwa kamar faifan nan kana ce min tsufa ne!"

"Shi ne abin da ya fi damuna."

"Ya dame ka mana. Har na yabi Turawa a banza! Kakar kakanka ce ta kaɗa zaren nan, tsohuwar da ko keke ba ta taɓa hawa ba, yau ka sa ta gadin kiɗa a bayan mota."

"Ai ke kika ce kamar tausa."

"Rufe min baki! Kama nan, mu ware shi in ga ɓarnar da ka yi."

Suka kama gefe da gefe suka ware. Danƙon ba shi da yawa, ta ce kananzir zai fitar da shi, warin fetur kuma rana da turaren wuta sun ishe shi. Tana bin baki-bakin da yatsa, Niko kuwa yana bin yatsan da ido, don ya san abin da ke jiranta a kusurwa ta ƙarshe. Yatsan ya isa wurin ya tsaya. An yanke kusurwar da reza, kamar faɗin tafin hannu.

"Ina sauran?"

Niko ya saki gefen gwadon. Ya zagaya bayan mota da sukudireba, ya kwance lambar, ya ciro wasu 'yan ƙyallaye biyu da ya ninke ya sa a ƙarƙashinta don ita ma ta daina kaɗawa. Sun yi baƙi da ƙura. Ya ɗora su a tafin hannunsa, ya tsaya kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa.

Kaka ta dubi ƙyallayen, ta dubi kusurwar. Ta koma kan kujera ta zauna, ta rufe fuska da gwadon. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Kaka, don Allah kar ki yi kuka. Ki dake ni, ki gaya wa kowa, amma kar ki yi kuka."

Ta sauke gwadon. Ashe dariya take, irin wadda ba ta fita sai hawaye.

"Wayyo cikina! Jini ba ya ɓuya. Zo nan, ɗan banza, zo ka gani."

Ta juyo ɗaya kusurwar ta nuna masa. Akwai wani maho a wurin, tsoho, da zare mai ɗan haske. Niko ya gan shi ranar Talata, shi ne ma ya ƙara sa shi ɗaukar gwadon tsumma.

"Ka san wa ya yi wannan? Mai sunanka. Ko shekara ban yi a gidansa ba. Lokacin yana mai bishara, yana zaga ƙauyuka da wani keke wanda kariyarsa ta ɗora kaya a baya ta kwance. Tun daga bakin rafi ake jin sa, kwaram-kwaram, sai masu shan burkutu su tura ƙwaryarsu ƙarƙashin rumbu, ya iso ya tarar da su suna waƙar yabo. Abin ya dame shi. Wata rana na dawo daga rijiya na tarar ya yanki gwadona ya naɗe kariyar, wai don ya riƙa isa ba a ji ba."

"Ya kama su?"

"Ya kama yayansa da kawuna. Aka yi wata ba a gaisawa." Ta sake fashewa. "Ni kuwa na yi kwana uku ina ba shi tuwo ba miya. Shi dai ko banza aikin Ubangiji yake. Kai fa? Don ka burge 'yan mata."

"Waƙar yabo nake sawa."

"Ka tambayi Joseph irin yabon da ya yi a kwalbati."

Niko ya so ya yi dariya, kunya ta hana, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Na yarda, Uwargida. Yau kin ci ni."

"Yaushe ka taɓa ci na? Ba ni makullaina, ɗan fashi. Saura kaɗan ka sa in yi murabus da raina."

Ya zuba mata su a hannu. Ta ƙulle su a haɓar zane, ta ja ƙullin da haƙori har sau biyu. Daga nan ta karɓi ƙyallayen ta kaɗe su a gwiwa.

"Zan wanke in mayar da su inda suka fito. Amma da jan zare zan ɗinka, yadda ko makaho zai gani. In na yafa wa Peace ta tambaya, kai za ka ba ta labari da bakinka, a gaban ubanta."

"Haba, Uwargida! A gaban Baba Joseph?"

"Gara yarinya ta san irin mazan gidan nan tun da wuri. Duk abin da take so ta sa masa kwaɗo."

Ya dubi but ɗin da ke hangame, da ramin da ya bari a bayan akwati.

"To yanzu motar za ta koma harbi."

"Sai ka kashe kiɗan, ka tafi kamar mutum."

"Ko ba kiɗa, in na faɗa rami sai akwatin ya daki ƙarfe."

Ta yi tsaki, ta miƙe ta nufi ɗakinta da gwadon a kafaɗa. Tafiyar ma ta canza, har da ɗan sauri. Jim kaɗan ta fito da allura da zare a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma wani tsohon filo na audugar rimi, ya yi ɓawo-ɓawo don daɗewa. Ta wurga masa a ƙirji.

"Ungo. Wannan na ba ka da hannuna, ba sata ba."

"Filon wa?"

"Nawa. Da shi nake danne kunnena in kakanka ya fara minshari. Wufarka ba ta kai rabin nasa ba. Tun da ya tafi ban ƙara buƙatarsa ba, ɗakin ya yi shiru har ya yi yawa."

Niko ya riƙe filon ya jujjuya shi. Ya sunkuya ya danna shi cikin ramin, ya zauna daram kamar don wurin aka yi shi. Ya mayar da akwatin, ya tono notin da ya faɗi a yashi, ya shiga ɗaurewa. A bayansa Kaka ta koma kujerarta, ta lashi bakin jan zare tana neman kafar allura.

"Maigida."

"Na'am, Uwargida."

"Wata rana zai iya zuwa da gaske, irin na innata. In ya zo, ka tsokane ni da komai, da haƙorana, da ƙafata, da daddawa. Amma ban da wannan. In na tambaye ka, ka gaya min gaskiya."

Ya daina ɗaurin. Ya juyo ya dube ta sosai, karo na farko tun safe.

"Na yi alkawari, Kaka."

"To." Zaren ya shige. Ta ja shi, ta ƙulla bakinsa. "Tsayuwar me kake kuma kamar an dasa ka? Shiga ka kunna, mu ji ko kakanka ya yi shiru."